Allon "kashi 100 sun ci" a ƙofar makaranta: mu iyaye mu yarda ko mu bincika?

Uwar Biyu (Birnin Kebbi): Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, a taimaka. Tun da sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, duk inda ka bi cikin gari sai ka ga makarantun kuɗi sun kafa allo a bakin ƙofa, wannan ta ce kashi 98 na ɗalibanta sun ci, waccan ta ce kashi 100. Ga kuma wani jeri da ke ta yawo a WhatsApp, wai makarantu 20 da suka fi kowa a jihar nan. Yarinyata za ta shiga SS1, babanta ya ce a cire ta daga inda take a kai ta ɗaya daga cikin na saman jerin, kuɗin kuwa ya kusa ninki biyu. Wai wa ke auna makarantun nan, kuma da me ake auna su?

Mai Shinkafa (Argungu): Wa alaikumus salam. Hajiya, ki bi maganar maigida. Makarantar da ɗiyanta sunka ci ita ce makaranta. Mi za a tsaya nema kuma?

Malamin Lissafi: Alhaji, Allah ya ƙara girma, da sauran magana. Hajiya, kafin komai ki sake duba jerin nan da aka turo miki. Akwai sa hannun wani a ƙasansa? Akwai tambarin Ma'aikatar Ilimi ko na WAEC ko na NECO? An faɗi shekarar da aka yi lissafin? Idan babu ko ɗaya, to kowa ma zai iya zama a shago ya buga irinsa, har da mai makarantar da ke lamba ɗaya.

Ma'aunin da aka saba da shi a ƙasar nan guda ne: ɗalibai nawa ne suka samu kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 wucewa ce kawai, F9 faɗuwa. Da shi WAEC da NECO ke sanar da sakamakon ƙasa, da shi jami'a ke tambayar yaro, shi ya sa makarantu suka rungume shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kashi nawa cikin su wa. Bari in ba da misali, ba na wata makaranta ba, lissafi ne kawai. Makaranta ta farko tana da yara 120 da suka gama SS2. Ta yi musu jarrabawar gwaji, ta zaɓi 40 da ta tabbata za su ci, ta yi musu rajista da sunanta, sauran 80 ta ce iyayensu su nema musu wani wuri ko su maimaita aji. A cikin 40 ɗin 38 suka ci. Sai a rubuta kashi 95 a allo. Makaranta ta biyu ita ma 120 gare ta, ta yi wa kowa rajista, 72 suka ci, kashi 60 ke nan. Wacce ta fi? Ta farko yara 38 ta fitar cikin 120, bai kai kashi 32 ba. Ta biyu ta kusa ninka ta, amma ita ce za a ce ba ta da ƙoƙari.

Uwar Biyu: Innalillahi. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Mai Shinkafa: To ai Malam wanga lissafi naka na masu wayo ne. Ba duka makarantu ka yin haka ba.

Malamin Lissafi: Ban ce duka ba, Alhaji. Cewa na yi allon ba zai gaya maka wacce ta yi da wacce ba ta yi ba. Ko a matakin jiha haka abin yake. Da NECO ta fitar da sakamakon 2025 aka yi ta murna cewa Kano ce ta ɗaya, Legas ta biyu. Gaskiya ne, amma a yawan waɗanda suka ci ne. Jihar da ta fi tura ɗalibai ta fi damar samun yawan masu ci. Da a ce kowace jiha an auna ta da adadin ɗaliban da ta tura, wani jerin daban za a iya gani.

Hajiya Mai Makaranta: Na ga alamar mu za a yanka a zauren nan yau, to bari in yi magana tun kafin a kai ni ƙasa. Ina da makaranta, ba zan faɗi sunanta ba don kada a ce talla na zo. Allon nan da kuke zagi, wa ya koya mana kafa shi? Ku ne iyaye. Uba zai shigo ofis, ba zai tambaye ni malamai nawa gare ni ba, ba zai ce a nuna masa ɗakin gwaje-gwaje ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Hajiya, ana ci a nan?" Kuma kowa ya san abin da yake nufi da "ana ci". Shekarar da ka hana a taimaka wa yara a ɗakin jarrabawa, ka zuba ido, zango na gaba SS2 ɗinka zai wayi gari rabinsa ya gudu. An kwashe su an kai wata santa, wato cibiyar rubuta jarrabawa, a ƙauye inda mai sa ido zai fita sallah ya daɗe bai dawo ba. Su dawo da A1 a Lissafi, kai da ka wahala da su tun JSS1 a ce makarantarka ba ta da kyau.

Ga albashin malamai, ga haya, ga man janareta. Idan yara suka watse da me zan biya? Ban ce daidai ba ne, amma kada a ɗora mana laifin mu kaɗai.

Ɗalibin Jami'a: Mama ta faɗi gaskiya. A ajinmu na farko akwai masu A1 da B2 a Lissafi da ba su iya haɗa ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu ba. Ba raini ba ne, tausayi suke ba ni, don su ne ke fara samun matsala tun zangon farko, wasu har a sallame su. Ni a ganina idan makaranta ta ce kowa ya ci WAEC, a tambaye ta makin JAMB na waɗannan yaran dai. JAMB a kan 400 take, a kwamfuta ake yi, ba a makarantarku ba, ba malaminku ke tsaye a kanku ba. Yaro mai A a darussa shida ya dawo da 140 a JAMB, ai an gama magana.

Malamin Lissafi: Ƙanena, wannan gwajin yana da kyau, sai dai a yi masa adalci ta ɓangare ɗaya. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa zai iya sanin karatu ya rikice. Kuma su ma hukumomin ba ma'asumai ba ne. A 2025 JAMB da kanta ta amsa cewa an samu tangarɗar na'ura, ta sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. WAEC ma a watan Agustan shekarar ta fara sanar da cewa kashi 38.32 ne suka samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta ce an yi kuskure wajen maki, ta gyara ya koma kashi 62.96. A 2024 kashi 72.12 ne, a 2023 kuma 79.81. Ku duba yadda adadin ƙasa baki ɗaya ke hawa da sauka. Malaman Najeriya ba su lalace cikin wata goma sha biyu ba. Don haka sakamakon shekara ɗaya ba ya isa a yanke wa makaranta hukunci, a nemi na shekara uku a jere.

Game da guduwar yara a SS2 da Hajiya ta ambata, a ƙarshen 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da hana ɗaukar ɗalibi ko sauya masa makaranta a SS3, daga zangon 2026/2027. Saboda irin waɗannan santocin aka yi.

Hajiya Mai Makaranta: Allah ya sa a aiwatar. Dokar hana maguɗin jarrabawa tun 1999 take, ga mu nan dai.

Tsohon Sufeto (Jega): Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, 'ya'yana, ban so in sa baki ba, amma kun taɓo aikin da na tsufa a cikinsa.

Akwai wani awon da ba na jarrabawa ba, wanda iyaye da yawa ba su san da shi ba. A da ana ce mana sufetoci, yanzu an sauya suna ana cewa masu tabbatar da ingancin ilimi. Tarayya tana da nata sashen, jiha tana da nata a Ma'aikatar Ilimi, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, SUBEB, ma tana da nata na firamare da ƙaramar sakandare. Idan muka je makaranta ba allon ƙofa muke kallo ba. Mukan karɓi rajistar halarta ta malamai da ta yara. Mukan buɗe littafin tsarin darussa mu ga inda ya kamata a ce an kai a wannan makon, sannan mu ɗauki littafin yaro ɗaya daga bencin baya, ba na gaba ba, mu ga ko an kai ɗin. Mukan zauna cikin aji mu ji yadda malam ke koyarwa. Mu duba ban ɗaki, mu duba ruwan sha, mu ƙirga kawuna. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare, kuma mafi ƙarancin shaidar malanta NCE ce. Duk wanda ya san makarantun cikin gari ya san nisan da ke tsakanin takarda da aji.

A ƙarshe a rubuta rahoto, a ba makarantar matsayi, daga mai kyau ƙwarai har zuwa mai rauni ƙwarai. To ina rahoton yake zuwa? Kwafi ga shugaban makaranta, kwafi ga ofis, a sa a fayil. Uban da ke biyan kuɗi bai taɓa ganinsa ba, bai ma san an rubuta ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a aikin. Mun san makarantun da ke aiki da waɗanda ba sa yi, amma sanin ya tsaya a durowa.

Kuma kada in yabi kaina da yawa. Idan makaranta ta san ranar zuwanmu, za ka tarar an share fili, an yi fenti, malamin da ba a gani ba tun farkon zango ya zo da sabuwar riga. Shi ya sa littafin yaron bencin baya ya fi mini komai, don shi ba a iya cika shi cikin dare ɗaya.

Uwar Biyu: Baba, Allah ya saka da alheri. Ni uwa ina da ikon in ce a nuna mini rahoton?

Tsohon Sufeto: 'Yata, tambaya ba laifi ba ce. Ke kaɗai za a iya yi miki hanya-hanya, amma idan ƙungiyar iyaye da malamai ta nema, ko kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, a makarantar gwamnati, da wuya shugaba ya ce babu. Idan ya ce ba a taɓa zuwa duba su ba, wannan ma amsa ce.

Ɗan Kabi a Ingila: Baba, abin da kake fata shi ake yi a nan, kuma ya zo da nasa ciwon. Akwai hukuma mai suna Ofsted tun 1992, tana duba makarantu tana wallafa rahoton a intanet kowa ya karanta. Shekaru da yawa kalma ɗaya ake liƙa wa makaranta cikin matakai huɗu, daga mafi kyau zuwa wadda ta gaza. Iyaye suna bin kalmar nan har kuɗin gidaje ya tashi a unguwar da makarantarta ta samu na sama, ka ga mai kuɗi ya sake tsere wa talaka ke nan. A farkon 2023 wata shugabar firamare ta kashe kanta bayan an sauko da makarantarta daga matakin sama zuwa na ƙasa. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, a watan Satumban 2024 gwamnati ta soke hukuncin kalma ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani awo da suka fara a 2016 mai suna Progress 8. Ba a tambayar yara nawa suka ci. Ana duba makin da yaro ya fito da shi daga firamare, a kwatanta sakamakonsa na ƙarshen sakandare da na sauran yaran ƙasar da suka fara daga maki irin nasa. Idan ya wuce su, makarantar ta ƙara masa wani abu. Da wannan awon makarantar talakawa takan iya doke ta 'ya'yan manya.

Mai Shinkafa: Ban gane ba. A yi man bayani da Hausa.

Malamin Lissafi: Alhaji, da harshenka zan faɗa maka. Mutum biyu, ɗaya an ba shi fadama a bakin gulbi, ga injin ban ruwa ga taki, ɗaya an ba shi tudu mai tsakuwa. Da kaka ka ƙirga buhu ka ce na fadama ya fi iya noma. Ka yi adalci? Makarantar da ke yi wa yara jarrabawar shiga ta zaɓi mafi ƙoƙari, 'ya'yan ma'aikata masu malamin gida da wutar sola da littattafai, ko barci malamanta suke yi yaran za su ci. Yawancin abin da jerin nan ke aunawa shi ne irin yaran da suka shiga, ba aikin da aka yi a kansu ba.

Mai Shinkafa: Yanzu na gane. Amma Malam, ni ba alƙali ba ne da za ni raba ma malamai lada. Uba ne ni. In na samu fadama, can za ni kai ɗana. In yaz zauna cikin yara masu ƙoƙari shi ma shina ɗagawa. Abokai na da tasiri, kowa ya san haka.

Malamin Lissafi: Wannan kam ban musa ba, abokan zama suna ja. Sai dai ka tambayi abin da makarantar ke yi da yaron da ya shigo da rauni. Idan al'adarta ita ce ta ajiye shi gefe ranar rajista, to ɗanka zai iya zama cikin 80 ɗin nan bayan ka biya kuɗin shekara uku.

Ɗan Kabi a Ingila: A ƙara da cewa duk inda aka ɗaura albashi ko kujerar shugaba a kan maki, maguɗi na biyo baya, ba halin Najeriya kaɗai ba ne. Amurka ta yi dokar auna makarantu da jarrabawa a 2002, jihar Fulorida ma tun 1999 take ba makarantu A zuwa F. A birnin Atlanta aka kama malamai suna goge amsar yara suna gyarawa, a 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Kenya kuwa a 2014 hana jera makarantu ta yi gaba ɗaya, saboda irin abin da Malam ya kwatanta, tilasta wa masu rauni maimaita aji da kai su wata santa.

Baban Yara (Zuru): Ina ta jin ku, amma wannan muhawarar ta mutanen Birnin Kebbi ce. Ku kuna da makarantu goma a unguwa, kuna zaɓe. A ƙauyukanmu sakandare ɗaya ce, wata ma sai yaro ya yi tafiya mai nisa. Ko an ce ita ce ta ƙarshe a jiha, ina zan kai shi?

Sannan akwai abin da babu jerin da ke nunawa. Tun sace ɗalibai da aka yi a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, da na 'yan matan Maga a Nuwamban 2025, uba a yankinmu tambayarsa ta farko ita ce akwai katanga, akwai masu gadi, yaya nisan makarantar da daji. Yaran da aka rufe musu makaranta makonni, malamansu suka nemi canjin wuri, rana ɗaya za su zauna jarrabawa da na cikin birni, takarda ɗaya. Sai a fito da jeri a ce malamanmu ragwaye ne. Malamin da ya yarda ya zauna a can ma ai ya cancanci a gaishe shi.

Tsohon Sufeto: Gaskiyarka, ɗana. A wurinku amfanin awo ba zaɓe ba ne, hujja ce. Idan kuna da takarda a hannu cewa makarantarku ba ta da malamin Fizis ko na Turanci, kuma ga yawan yaran da suka faɗi a darasin, da ita za ku je wurin sakataren ilimi da ɗan majalisarku da uban ƙasa. Gwamnan da ke kai yanzu, Kauran Gwandu, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta NUT ne na ƙasa, ba sai an fassara masa wannan yaren ba. Ni da za a ji tawa, a wallafa sakamakon kowace makaranta, amma a jera shi tare da yawan malamanta da yawan yaranta da kwanakin da aka yi karatu. A ga wanda ya gaza, malam ne ko wanda ya kamata ya turo malam.

Malama 'Yar Firamare: Ku yi haƙuri in ja ku baya kaɗan. Duk kuna maganar SS3, alhali a aji biyu da uku na firamare ake cin WAEC ko a faɗi. Yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, haka za a yi ta tura shi gaba, don ba mai son a ce ya riƙe ɗan wani. Katin sakamakon da muke ba ku ma ku rage dogara da shi. "Ya zo na 3" cikin su wa? Na 3 a ajin da ba wanda ya iya karatu fa?

Gwajin da ya fi kowane allo yana cikin ɗakinku. Ki ɗauki rubutun Hausa da yaro bai taɓa gani ba, ba wanda ya haddace ba, ki ce ya karanta ya faɗa miki abin da ya fahimta. Ki ba shi kuɗin cefane ki ce ya lissafa canji a takarda. Ko ba ki yi boko ba, akwai ɗan maƙwabta da zai saurara miki. A Islamiyya ai ba ma yarda da "ya zo na ɗaya", cewa muke yi biya mu ji. Ban san dalilin da ya sa muke jin nauyin yi wa boko haka ba.

Hajiya Mai Makaranta: Malama, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Da iyaye za su riƙa buɗe littattafan yaransu ko sau ɗaya a mako su ga ko ana yin maki, da mu ma mun fi matsa wa malamanmu.

Admin: Jama'a, wani ya turo sunan wata makaranta yana zarginta da sayar da amsa, na goge. Ba mu da hujja, kuma ba za a ɓata sunan kowa a nan ba. Mai hujja ya kai wa ofishin WAEC ko NECO, suna da ikon riƙe sakamako da janye wa makaranta izinin zama santa. A ci gaba.

Malamin Lissafi: To Hajiya Mai Makaranta, tunda kin ce a daina ɗora muku laifi, ki zama ta farko. Ba sai kin faɗi suna ba. Ki ba mu abu uku na shekara uku da suka wuce: yara nawa suka gama SS2 a wurinki, nawa kika yi wa rajista da sunan makarantarki, da makin JAMB ɗinsu. Uwar Biyu ma abin da za ta tambaya ke nan a makarantun biyu, wadda yarinyar take da wadda ake so a kai ta.

Hajiya Mai Makaranta: Na farko da na biyu suna cikin fayil, gobe in sha Allahu idan na shiga ofis zan turo, kuma za ku ga gibi, na riga na faɗa muku dalilinsa. Na JAMB ba ni da su. Yara ba sa dawo mana da shi, sai wanda ya samu maki mai yawa ne ke zuwa a ɗauke shi hoto.

Mai Shinkafa: Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, a kai yaro inda aka ci. Amma ranar Asabar zan sa ƙaramin ya karanta man takardar nan da anka ba mu wurin taki, in ji da kunnena.

Baban Yara: Baba Sufeto, idan mun rubuta takardar neman malamin Turancin, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma za mu kai wa ko ofishin shiyya? Tamu babbar sakandare ce.

Tsohon Sufeto: Ofishin shiyya, tunda babbar sakandare ce. Shugaban SBMC ya sa hannu, ku ba shugaban makaranta kwafi, ku riƙe ɗaya da aka buga wa hatimin karɓa.